RHCSA, LFCS, LPIC-1 ko Linux+: Wace Jarrabawa Za Ka Zauna Wa Karatu?

Duk wanda ya yanke shawarar zama mai kula da tsarin kwamfuta, wato mai riƙe da uwayen garke na ma'aikata, asusun ma'aikata da bayanansu, yakan tarar da sunaye huɗu ko biyar suna ta yi masa yawo a ido: RHCSA, LFCS, LPIC-1, Linux+, ga kuma na Microsoft a gefe. Kowa ka tambaya nasa yake yabo. Kuɗin jarrabawa ɗaya kuwa ba abin wasa ba ne, balle watannin da za ka ƙarar kana karatu. Abin da ya sa zaɓin ke da nauyi shi ne ba satifiket kaɗai kake zaɓa ba, salon karatunka na wata uku zuwa shida kake zaɓa. Mai shirin RHCSA da mai shirin LPIC-1 duk Linux suke koyo, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, amma da za ka leƙa teburinsu da dare, ɗaya yana fama da kwamfutar da ta ƙi tashi, ɗayan yana haddace zaɓuɓɓukan umarnin tar.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko, kuma shi ne uban sauran, yadda ake yin jarrabawar. Akwai ta aiki da hannu, inda za a ba ka kwamfuta mai rai a ce gyara wannan, kafa wancan. Akwai kuma ta tambaya da amsa, irin ta canki-canka da cike gurbi. Na biyu kuɗi, amma ba farashin da ke rubuce a shafi kawai ba: sau nawa za ka shiga da wannan kuɗin, kuma me za ka kashe wajen sabuntawa. Na uku tsawon ran satifiket ɗin. Na huɗu sauƙin samun kayan karatu da wurin gwaji. Na biyar haɗari, wato hanyoyin da mutum ke faɗuwa ko ya yi asara alhali ya san aikin. Sai na ƙarshe wanda babu tebur da zai amsa maka shi: irin kwamfutocin da wurin da kake son aiki ke amfani da su.

Farashin da zan ambata na dalar Amurka ne, kamar yadda kamfanonin ke sa shi a can. Wasunsu suna rage shi gwargwadon ƙasa, kuma yana motsawa kusan kowace shekara, don haka a duba shafin kamfani kafin a biya.

RHCSA: awa uku kai da baƙin allo

Wannan ta kamfanin Red Hat ce, wanda IBM ta saya a 2019 kan dala biliyan 34. Lambar jarrabawar EX200. Babu tambayar canki-canka ko guda. Za a zaunar da kai gaban kwamfutocin gwaji masu ɗauke da Red Hat Enterprise Linux, wato RHEL, a ba ka jerin ayyuka, ka yi su cikin awa uku. Maki 300 ne, da 210 ake ci. Babu intanet. Abin da aka bar maka shi ne littafin jagora na cikin tsarin, wanda ake buɗewa da umarnin man, da takardun da suka zo tare da manhajojin.

Ayyukan su ne na yau da kullum: ƙirƙirar asusu da rukuni, raba faifai da faɗaɗa shi ta LVM, saita adireshin sadarwa, buɗe ƙofa a katangar tsaro, tsara aikin da zai riƙa gudana a kan lokaci, shiga kwamfutar da aka manta kalmar sirrin babban mai kula da ita, da kuma SELinux, tsarin tsaron da ke yi wa fayiloli alama don taƙaita abin da zai iya taɓa su, wanda shi ne dodon yawancin ɗalibai.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta bambanta wannan jarrabawa, ita ce kuma babban haɗarinta: duk abin da ka yi dole ya tsira bayan an kashe kwamfuta an sake kunna ta. Bari mu dube shi kusa. An ce ka haɗa sabon faifai ya riƙa hawa da kansa. Ka yi komai daidai, ka rubuta layinsa a fayil ɗin /etc/fstab, amma harafi ɗaya ya kuɓuce maka a lambar faifan. A lokacin ba za ka ga komai ba, aiki na tafiya. Da an sake tayar da kwamfutar sai ta maƙale a yanayin gaggawa, mai dubawa ya kasa isa gare ta, duk sauran ayyukan da ka yi a kanta su bi ruwa. Maganin ba ya cin daƙiƙa goma: ka buga mount -a kafin ka wuce, in akwai kuskure zai faɗa maka. Haka wanda ya buɗe ƙofa da firewall-cmd ya manta --permanent, ko ya tayar da hidima da systemctl start bai yi enable ba, ko ya gyara alamar SELinux da chcon maimakon semanage fcontext da restorecon, wanda shi ne gyaran da ke ɗorewa idan aka sake yi wa fayiloli alama. Waɗannan ba rashin ilimi ba ne, rashin sabon hannu ne, kuma littafi ba ya ba da shi.

Farashi kusan dala 500 ne, mafi tsada a jerin, sai dai Red Hat tana ba wanda ya faɗi a karon farko damar sake shiga sau ɗaya ba tare da ƙarin kuɗi ba. Satifiket ɗin na shekara uku ne. Ana sabunta shi ta sake zama, ko ta cin jarrabawa ta gaba kamar EX294, wadda ke kan Ansible, manhajar saita kwamfutoci da yawa a lokaci guda, ita ce kuma ke kai mutum matakin RHCE, satifiket ɗin injiniya na Red Hat.

Ta fuskar kayan gwaji kuwa babu uzuri. Red Hat tana ba ɗaiɗaikun mutane rajistar masu ƙirƙira kyauta, wadda ke ba da damar ɗora ainihin RHEL a kan kwamfutoci har 16. Ga kuma Rocky Linux da AlmaLinux, waɗanda suka fito bayan an sanar a ƙarshen 2020 cewa za a dakatar da CentOS 8, kwafin RHEL na kyauta, a ƙarshen 2021, kusan tagwayen RHEL ne. Abin lura guda: jarrabawar tana bin sigar tsarin. RHEL 10 ya fito a 2025, kuma jerin abubuwan da ake tambaya yakan canja daga siga zuwa siga. Kada ka yi karatu da littafin wata siga ka je ka zauna wa wata.

Idan a gida za ka yi, akwai ɗan wahala. Ba a cikin tsarin kwamfutarka ake yi ba, sai ka ɗora wani tsari na musamman a filash ka tayar da kwamfutar daga kansa, kuma ana buƙatar kyamara ta daban mai waya. Ba kowace kwamfuta ke amincewa da wannan ba. Ka gwada tun da sauran makonni, ba daren jarrabawa ba.

LFCS: hannu dai, amma da sassauci

Ta Linux Foundation ce, cibiyar da ke ɗaukar nauyin aikin Linus Torvalds. Ita ma aiki da hannu ce, awa biyu, ayyuka tsakanin 17 zuwa 20, ana ci da kashi 67 cikin ɗari. Ba ta ɗaure kanta da tsarin kamfani guda ba, saboda haka wanda ya saba da wasu nau'o'in Linux irin su Ubuntu ko Debian ba zai ji baƙunta ba. Tana kuma taɓa abubuwan da ake cin karo da su a aikin zamani, irin su Git mai adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, kwantena, wato ƙunshin da manhaja ke gudana a keɓe a cikinsa, da raba cunkoson sadarwa tsakanin uwayen garke.

Kuɗinta dala 445, kuma a nan ne ta fi kowa adalci. Da wannan kuɗin kana da zama biyu, kana da wata 12 ka zaɓi rana, sannan ana haɗa maka da zama biyu a dandalin gwaji na Killer.sh mai kwaikwayon jarrabawar. Cibiyar kuma takan yi rangwame mai tsoka a wasu lokutan shekara, musamman ƙarshen Nuwamba, don haka mai haƙuri ba ya biyan cikakken farashi.

Inda take da rauni biyu ne. Tun daga Afrilun 2024 ranta ya koma shekara biyu, mafi gajarta a cikin na Linux. Sannan sunanta bai kai na RHCSA amo a kunnen masu tace takardun neman aiki ba, duk da injiniyoyin da za su yi maka tambayoyin baki sun san darajarta. Ta intanet kaɗai ake yin ta, mai sa ido yana kallonka ta kyamara, don haka ingancin layinka da shirun ɗakinka sun shiga cikin lissafin haɗari. Wanda ke hangen Kubernetes, manhajar sarrafa kwantena, nan gaba zai ji daɗinta, domin jarrabawar CKA ta Kubernetes daga gida ɗaya take, da salo iri ɗaya.

LPIC-1: faɗi ba zurfi ba

Cibiyar LPI, wadda aka kafa a 1999, ba ta neman riba, ba ta kuma bin kowane kamfani. LPIC-1 jarrabawa biyu ce, 101-500 da 102-500. Kowacce tambaya 60 cikin minti 90, canki-canka da cike gurbi, ana ci da maki 500 cikin 800. A Amurka kowacce kusan dala 200, amma LPI tana sa farashi gwargwadon ƙasa, saboda haka a wurare da yawa bai kai haka ba. Wanda ya faɗi ɗaya, ita kaɗai zai sake biya. Rarrabuwar nan alheri ce ga mai tara kuɗi kaɗan-kaɗan: ka ci ta farko yanzu, ka dawo wa ta biyu daga baya, muddin ba a wuce shekara biyar tsakani ba.

Shekara biyar ne ran satifiket ɗin, babu wanda ya kamo shi a nan. Kayan karatun ma cibiyar da kanta ta wallafa su kyauta, suna bin manhajar jarrabawa babi-babi.

Sai dai in faɗi ra'ayina: wannan jarrabawa ta ƙwaƙwalwa ce. Za a tambaye ka cikakken sunan fayil ɗin da ke ajiye kalmomin sirri a ɓoye, ka rubuta /etc/shadow babu kuskuren harafi. Za a tambaye ka ma'anar 4755 a izinin fayil, da bambancin ƙaramin harafi da babba a zaɓin wani umarni, abin da ƙwararre mai shekara goma yakan duba a man ba tare da jin kunya ba. Za ka koyi umarnin ɗora manhaja, dpkg da apt na ɓangaren Debian, ka koyi rpm da yum da zypper na ɗaya ɓangaren, har da tsohon tsarin tayar da kwamfuta na SysV wanda systemd ya maye gurbinsa a yawancin wurare. Wannan faɗin yana da amfani, yana ba mutum taswirar duniyar Linux gaba ɗaya. Amma ana iya cin LPIC-1 ba tare da an taɓa ceto kwamfutar da ta ƙi tashi ba, kuma masu ɗaukar aiki sun san haka.

CompTIA Linux+

Tana tsakiya. Jarrabawa ɗaya, tambayoyi ba su wuce 90 ba cikin minti 90, ana ci da 720 cikin 900. Yawancinsu canki-canka ne, da 'yan kaɗan masu kwaikwayon aiki. Sigar XK0-005 ta fito a 2022, XK0-006 ta biyo baya a 2025. Farashi tsakanin dala 350 da 400, kuma takardar biya ta asali zama ɗaya ce: ka faɗi, ka sake biya, sai in tun farko ka sayi haɗin da ya ƙunshi zama na biyu. Shekara uku take yi, ana sabunta ta ta tsarin ci gaba da karatu na CompTIA, shi ma da kuɗinsa.

Kafin 2019 wanda ya ci Linux+ yakan samu LPIC-1 a kan hanya, saboda haɗin gwiwar cibiyoyin biyu. Wannan ya ƙare, amma har yau za ka ga tsofaffin rubuce-rubuce suna ba da shawarar a kansa. Ƙarfin Linux+ a yau sunan CompTIA ne, musamman a Amurka da wuraren da ke hulɗa da gwamnatinta, da kuma wanda ya riga ya mallaki wani satifiket na CompTIA kamar A+ ko Network+ ko Security+ ya san salon tambayoyinsu. In ba ka cikin waɗannan, da wuya in ga dalilin fifita ta a kan LFCS mai kusan kuɗi ɗaya da zama biyu.

In kuma wurin aikinka na Microsoft ne

Ba kowace ma'aikata ke tafiya a kan Linux ba. Tsohon satifiket ɗin MCSA da MCSE, da mutane da yawa ke ci gaba da nema da suna, Microsoft ta yi musu ritaya ranar 31 ga Janairu 2021. Wanda ya fi tashe yanzu ga mai kula da tsari shi ne AZ-104, na kula da gajimaren Azure, wato kwamfutocin Microsoft da ake haya ta intanet. Kuɗinsa dala 165 a Amurka, yana sauka a ƙasashe da dama, ana ci da 700 cikin 1000. Shekara ɗaya kacal yake yi, amma sabuntawa kyauta ce, ɗan gajeren gwaji ne ta intanet a dandalin Microsoft Learn, inda darussan ma kyauta ne. Haɗarinsa mantuwa: ka bari wa'adi ya wuce, sai ka sake biyan cikakkiyar jarrabawa. Akwai kuma kuɗin ɓoye, domin gwaji a gajimare ana biyansa ne da awa, kuma kwamfutar gwajin da ka manta a kunne tana ci maka kuɗi kana barci.

| Jarrabawa | Salo | Lokaci | Makin ci | Kuɗi a dala | Zama | Tsawon rai |
|---|---|---|---|---|---|---|
| RHCSA | aiki da hannu | awa 3 | 210 cikin 300 | kusan 500 | 2 | shekara 3 |
| LFCS | aiki da hannu | awa 2 | kashi 67 | 445 | 2 | shekara 2 |
| LPIC-1 | tambayoyi, jarrabawa 2 | minti 90 kowacce | 500 cikin 800 | kusan 200 kowacce | 1 kowacce | shekara 5 |
| Linux+ | tambayoyi da ɗan aiki | minti 90 | 720 cikin 900 | 350 zuwa 400 | 1 | shekara 3 |
| AZ-104 | tambayoyi | ƙasa da awa 2 | 700 cikin 1000 | 165 | 1 | shekara 1, sabuntawa kyauta |

Idan ka raba kuɗi da shekaru, LPIC-1 tana tsayawa a dala 80 a shekara, RHCSA kusan 167, LFCS sama da 220. Wannan lissafin gaskiya ne, amma kada ya ruɗe ka. Satifiket na farko aikinsa buɗe ƙofa, kuma da zarar ka yi shekara biyu kana aiki, abin da ka taɓa da hannunka shi ake tambaya. Mutane da yawa ba sa ma sabuntawa.

Karatun kansa

Ga jarrabawar hannu, hanya ɗaya ce. Ka ɗora VirtualBox ko KVM, manhajojin da ke ba ka damar gudanar da wata kwamfuta a cikin taka, ka ƙirƙiri kwamfutocin gwaji biyu, ka ɗauki hoton yanayinsu tun suna sabbi don ka riƙa komawa. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 za ta ɗauka, 16 ta fi sakewa. Sai ka ɗauko jerin manufofin jarrabawa daga shafin kamfanin, ka mayar da kowane layi aiki, ka yi, ka sake tayar da kwamfutar, ka duba ko ya zauna. Ka lalata da gangan ka gyara. Kallon bidiyo yana da daɗi, yana kuma yaudara, kamar mai koyon tuƙi daga kujerar fasinja. A makonnin ƙarshe ka rufe burauza gaba ɗaya, ka saba da man -k wajen neman umarnin da sunansa ya ɓace maka, ka kuma san cewa ƙarshen shafuka da yawa akwai misalai da za ka kwafa ka gyara. Shafin semanage-fcontext misali ne: layin da ɗalibai ke wahalar haddacewa yana nan a rubuce.

Ga jarrabawar tambayoyi, katunan tuni da maimaitawa a kai a kai suna aiki, amma duk umarnin da za ka haddace ka buga shi tukun ka ga abin da ya fitar.

Sai maganar tambayoyin sata da ake sayarwa da sunan ainihin jarrabawa. Duk waɗannan cibiyoyi suna sa ka amince da yarjejeniyar riƙe sirri kafin ka fara, kuma suna da ikon soke satifiket su hana ka sake zama. Ban da haka amsoshin cike suke da kurakurai, a jarrabawar hannu kuwa ba su tsinana komai.

Wa ya dace da wacce

Idan burinka aiki a banki, kamfanin sadarwa ko babbar ma'aikata mai amfani da RHEL, kuma kana iya haɗa kuɗin, RHCSA ce, babu dogon tunani. Ita ce kuma zan nuna wa wanda ba shi da takardar digiri a fannin, yana neman abin da zai tsaya masa shaida cewa hannunsa ya iya.

Idan Ubuntu ko Debian ka saba da su, ko hankalinka na kan gajimare da kwantena, ka ɗauki LFCS, ka jira lokacin rangwame.

Sabon shiga da bai taɓa zama gaban baƙin allo ba, ko mai biya da guntu-guntu, ko wanda layin intanet ɗinsa ba abin dogaro ba ne ya fi son zuwa cibiyar jarrabawa ta Pearson VUE, LPIC-1 ta fi masa, da sharaɗin ya kafa wurin gwaji kamar mai shirin jarrabawar hannu. In ma LPIC-1 ta yi masa nauyi, LPI tana da Linux Essentials, ƙarama ce mai tambaya 40, kuma ba ta ƙarewa.

Linux+ ta wanda aka rubuta masa sunanta ƙarara a tallan aiki ce, ko wanda wurin aikinsa zai biya. Wanda kuma kullum aikinsa asusun ma'aikata ne a Windows da Azure, ya fara da AZ-104, Linux ta biyo baya. Kafin ka biya ko sisi, ka tattaro tallan ayyuka goma irin waɗanda kake so, ka ƙirga sunan da ya fi fitowa a cikinsu, ka sayi wannan, ka sa ranar zama wata uku ko huɗu a gaba.